TAMBAYI MALAM: Yana lissafin kuɗin raguna a ka, amma F9 yake ci a makaranta

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonni sun taru sosai kuma kusan duk kan abu ɗaya suke, yaran sakandare da jarabawa, ina ga don lokacin ya matso ne kowa hankalinsa ya tashi. Na zaɓo guda biyar, na cire sunaye kamar yadda muka saba, wasu kuma na rage musu tsawo don wani sai ya cika maka shafi biyu da gaisuwa kafin ya iso kan tambayar. Wanda bai ga nasa ba yayi haƙuri, yana nan a ajiye.

TAMBAYA TA ƊAYA

Salam Malam, ina maka fatan alheri. Ni manomi ne ina kuma ɗan taɓa harkar dabbobi, daga wani ƙauye ta wajen Maigatari. Yarona na fari yana aji biyar a sakandaren jeka-ka-dawo, wallahi duk zangon da aka kawo sakamako lissafi F9 ne, turanci ma sai a hankali, har malaminsu ya faɗa min gatsau cewa yaron nan bashi da kai gara na cire shi na sa shi sana'a. Amma abin da yake ɗaure min kai, duk ranar Alhamis in muka shiga kasuwa shi yake riƙe min lissafi, raguna bakwai kowanne da kuɗinsa, a cire la'ada a cire kuɗin mota, kafin na ciro waya ya riga ya faɗa min abin da ya rage kuma ban taɓa kama shi da kuskure ba. Toh Malam wanne ne gaskiya, daƙiƙi ne ko kuwa? Shi kansa yanzu cewa yake boko ba tasa bace.

AMSA

Wa alaikumussalam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Ai kai da kanka ka amsa rabin tambayar. Daƙiƙi baya tsayawa a tsakiyar kasuwar Maigatari, ga kukan dabbobi ga dillalai na ihu ga ƙura, ya haɗa kuɗin raguna bakwai ya cire la'ada ya fitar da saura a ka. Wannan abin da ya rage ɗin da yake faɗa maka, shine dai abin da malaminsu yake rubutawa x a allo yace a nemo. Kai kam yana da shi.

Abin da ya karye a wajen yaronka shine yarda da kansa a gaban takarda, kuma wannan ba maganar lallashi nake maka ba, abu ne da masana halayyar ɗan adam suka daɗe suna bincike a kai. Akwai wani malami Albert Bandura, haifaffen Kanada da ya koyar a jami'ar Stanford ta Amurka, a shekarar 1977 ya fitar da bayani cewa yadda mutum ya yarda zai iya wani aiki yana da tasiri a kan ko zai fara aikin ma, da ƙoƙarin da zai saka, da kuma daɗewar da zai yi kafin yace na gaji. Yace wannan yardar daga wuri huɗu take zuwa. Mafi ƙarfi shine mutum ya taɓa yin abin da hannunsa ya ga ya yiwu. Sai ya ga wani irinsa yayi. Sai abin da mutane suke faɗa masa. Sai kuma yanayin jikinsa lokacin aikin, ko a natse yake ko gabansa faɗuwa yake.

Yanzu ɗauki huɗun nan ka auna yaronka a kasuwa. Yayi lissafin sau ba adadi kuma yana fita daidai, tun yana ƙarami yake ganin kana yi, kai kana yarda da abin da ya faɗa har ka mayar da waya aljihu, kuma hankalinsa kwance yake da Hausarsa yake yi. Juyo aji kuma, duk zango jan biro, na kusa dashi ma F9 suke ci, malam yace bashi da kai, ana cewa a fito da takarda cikinsa ya ɗuri ruwa, ga shi tambayar da turanci take. Yaro ɗaya ne fa, kai ɗaya.

Zan faɗa maka wani abu da har yau yake damuna. A farkon fara koyarwata a wata makarantar ƙauye, ina da zafin kai lokacin, na taɓa ce wa wani yaro a gaban aji ko jakin gidanku ya fi ka gane karatu, yara suka kwashe da dariya ni ma na ɗan murmusa, na manta da maganar kafin a tashi. Bayan shekaru masu yawa na haɗu dashi a tasha yana lodin buhunan gero, ya durƙusa ya gaishe ni cikin ladabi ya karɓi jakata ya kai min mota, sai da zan shiga yace Malam ka tuna ranar da kace jaki ya fi ni, ai daga ranar ban ƙara ɗaga hannu ba har na daina zuwa. Ba da faɗa yayi maganar ba, yana ma murmushi, kuma wallahi da zagina yayi da ya fi min sauƙi. Don haka kalmar daƙiƙi ka hana ta a gidanka, ko daga bakin yayye ko kishiyoyin uwa ko kai kanka in ranka ya ɓaci.

Amma kar ka koma ɗaya ɓangaren kuma ka riƙa ce masa ai kai haziƙi ne kai ɗan baiwa ne, shi ma da matsalarsa. Carol Dweck da abokiyar aikinta Claudia Mueller sun gwada wannan a 1998 da yara 'yan firamare a Amurka, an basu tambayoyi, wasu aka yabe su da cewa lallai kuna da kwanya, wasu aka ce lallai kunyi ƙoƙari. Da aka kawo masu wuya, waɗanda aka yabi kwanyarsu sune suka fi saurin karaya, har da yawa a cikinsu suka ƙara wa kansu maki da aka tambaye su nawa suka ci. Dalilin a fili yake, wanda aka ce masa kwanya ce ta kai shi, ranar da ya faɗi sai yace ashe bani da ita. Ka yabi abin da ka ga yayi: na ga jiya ka zauna kan tambayar nan har ka fitar da ita.

Toh me za ayi a aikace? Lissafi kamar jeren bulo ne, in layin ƙasa ya karkace duk abin da aka ɗora a kai sai ya bi shi. Yawancin yaran da suke cin F9 a aji biyar tun ƙaramar sakandare zaren ya tsinke musu, galibi a wajen lissafin rabi da kwata da kashi cikin ɗari, ko wajen lambobi masu alamar ragewa a gaba. A samo littafin aji ɗaya da na aji biyu, ba abin kunya bane, a samu wani ɗan garinku da ya gama ko yake kwaleji ya zauna dashi ya gano inda ya tsaya. Daga nan kullum bayan sallar isha tambaya goma, irin waɗanda zai iya cin shida ko bakwai, kar a bashi masu sauƙin da zai raina kar kuma a bashi waɗanda za su sake kayar dashi. Duk wadda ta ƙi shiga a juya masa ita zuwa raguna da buhun riɗi, in ya gane sai a mayar da ita turancinta. Ya samu littafi guda yana rubuta abin da ya ci kullum, bayan wata ɗaya ya buɗe da kansa ya gani, wannan ya fi duk wata nasiha da zaka yi masa. Ka faɗa masa kuma a takardar lissafi ta rubutu ta WAEC da NECO ana bada maki a kan hanyar da aka bi, ba amsar ƙarshe kawai ba, shi da ya saba yi a ka dole ya koyi zubewa a takarda layi layi.

A duba idonsa ma. Na sha ganin yaron da ake wa kallon daƙiƙi ashe daga bencin baya baya ganin allo kuma bai san sauran suna gani ba.

Sai magana ta ƙarshe Alhaji, kayi haƙuri zan taɓa ka kaɗan. Alhamis ranar makaranta ce. In duk mako yana kasuwa, kwana ɗaya cikin biyar kenan yake rasawa, kuma in aka yi rashin sa'a ranar akwai darasin lissafi toh ka ga inda wani bulon yake zubewa. Ban ce ka raba shi da sana'a ba, sana'a mutunci ce kuma ita ta gina masa abin da yake da shi, amma daga nan zuwa ya gama aji shida a bar masa Alhamis ɗinsa sai lokacin hutu. Malamin kuma ka je ka same shi da girmamawa, ba faɗa ba, ka bashi labarin ragunan nan, watakila bai taɓa sani ba.

TAMBAYA TA BIYU

Baba Malam ina wuni. Ni ɗaliba ce 'yar aji biyar daga yankin Rano, kwalifayin, wato jarabawar tantancewa kafin NECO, ta kusa kuma a gidanmu an faɗa min in ban ci ba babu mai biya min kuɗin NECO shikenan karatun ya ƙare. Ina karatu wallahi, ina gama aikin gida da ɗinkin hula sai na kunna tocila na karanta har ƙarfe ɗaya wani lokacin biyu, ina maimaita shafi sau biyar sau shida ina ji kamar na haddace, amma ana raba takarda sai komai ya goge hannuna ya riƙa rawa, in na fito kuma sai amsoshin su dawo. Ƙawata tace ko sammu aka yi min. Dan Allah a taimaka min.

AMSA

'Yata lafiya lau, Allah yayi miki albarka. Addu'a kam ki riƙe ta, amma abin da kika kwatanta ba sai an je neman sammu ba, kusan kowane aji akwai masu irinsa kuma dalilinsa sananne ne.

Maimaita karanta shafi yana yaudarar mutum. In kika karanta sau shida idonki ya saba da kalmomin, sai ki ji kamar kin iya, alhali ganewa kike idan kin gani, ita kuwa jarabawa cewa take ki fito da shi babu littafi a gabanki, kuma wannan baki taɓa gwadawa ba sai a ɗakin jarabawa. Wasu masana biyu Roediger da Karpicke sun gwada ɗaliban jami'a a Amurka a 2006, wasu suka yi ta maimaita karanta rubutu wasu kuma suka karanta suka rufe suka rubuto abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti biyar masu maimaitawa ne a gaba, amma bayan mako guda masu rufewa su tuno sun wuce su nesa.

Ni abin da yake bani dariya, mu ai mun riga su sani. Tuna yadda kike yi a islamiyya ko yadda almajiri yake yi a tsangaya. Ya rubuta allo ya karanta, sannan ya kife allon ya kawo hadda a gaban malam da ka, in ya kakare a ɗora shi, sai ta zauna a wanke, kuma bayan an wanke ba a barinta, akwai tilawa da muraja'a ana komawa baya kullum. Babu alaramman da zai yarda wai ka haddace don ka kalli allo sau shida. Amma da mun shiga boko sai mu ajiye wannan hikimar a ƙofar aji mu koma kallon littafi kamar mai kallon talabijin.

Toh ki mayar da bayoloji da kemistiri hadda. Karanta shafi ɗaya, rufe, ɗauki takarda ki rubuta duk abin da kika tuna ko da Hausa ne a farko, buɗe ki ga me ya zube, shi kaɗai za ki sake bi. Gobe kafin ki shiga sabo ki fara kawo na jiya da ka, bayan kwana uku ki sake, bayan mako ki sake. Wani Bajamushe Ebbinghaus tun 1885 ya nuna mantuwa tafi gudu a sa'o'in farko da kwanan farko bayan an koyi abu, daga nan sai ta lafa, shi yasa bitar gobe tafi ta wata mai zuwa amfani. Za ki ji wannan hanyar tafi wahala kuma za ki ji kamar baki iya komai ba a kwanakin farko, kar ki tsorata, wahalar tunowar ita ce take kafa shi.

Karatun ƙarfe biyun dare kuma ki daina. Cikin barci kai yake adana abin da aka koya da rana, 'yan shekarunki ana so su samu awa 8 zuwa 10, ke kuma ga asuba ga ɗebo ruwa ga tafiyar makaranta. Awa ɗaya bayan isha da rabin awa bayan asuba da kai a sake sun fi awa huɗu kina gyangyaɗi kan tocila. Ki samu Umma ki roƙe ta a rage miki ɗinkin hular nan zuwa bayan jarabawa, in kina jin nauyi ki nuna mata wannan shafin ko ki sa yayarki ta faɗa mata.

Rawar hannu kuwa maganinta sabo. Ku haɗu ku uku ko huɗu ranar Asabar, ku samo tsoffin tambayoyin jarabawa, a ajiye agogo a zauna nesa da juna kamar gaske babu magana, in lokaci ya cika a musanya takardu a duba. In kika yi haka sau shida ko bakwai, ranar ta gaske jikinki zai ɗauka Asabar ce. A ɗakin kuma kar ki fara rubutu ana raba takarda, yi bismillah, ja numfashi a hankali sau uku ko huɗu, karanta tambayoyin duka, ki fara da wadda kika fi sani ko ta biyar ce, da kin rubuta layi uku masu kyau za ki ji sauran suna dawowa. Kuma ki ci wani abu kafin ki fita ko koko ne. In kina yawan jin jiri da kasala ki je asibiti a duba jininki, ƙarancin jini yana da yawa ga 'yan mata kuma yana hana hankali tsayawa.

TAMBAYA TA UKU

Malam barka da aiki. Ni sabon malami ne an turo ni wani ƙauye a yankin Gwaram, ajina ya haura mutum tamanin wasu a ƙasa suke zama. A kwaleji an koya mana a bar ɗalibi ya zama shine tsakiyar darasi a bashi dama, amma in nayi tambaya shiru kamar an yi mutuwa, kowa kansa a ƙasa, in nace kun gane suce eeeh gaba ɗaya, in nayi gwaji kuma ba komai. Wani tsohon malami yace min in na sake musu fuska za su raina ni, bulala kawai suke ji. Ya zanyi?

AMSA

Ƙanina sannu da ƙoƙari. Tsarin ilimi na ƙasa cewa yayi malami ɗaya ɗalibai 40 a sakandare, kai kana riƙe da aji biyu a ɗaki ɗaya, don haka kar ka zargi kanka da yawa.

Shirun nan ka fahimce shi tukuna. Yaron ƙauye tun yana ƙarami aka koya masa in babba na magana ya sunkuyar da kai, kar ya haɗa ido, kar ya mayar da magana, wannan shine ladabi a gida kuma abu ne mai kyau. Sai ga shi ka zo kana so ya miƙe a gaban mutum tamanin yayi magana da yaren da bai iya ba, in yayi kuskure a yi masa dariya har a hanyar gida. Ni ma da nine shiru zanyi. Wannan eeeh ɗin da suke maka girmamawa ce, ka daina tambayar kun gane kwata-kwata, bata taɓa gaya wa malami gaskiya ba.

Ba wa ɗalibi dama ba yana nufin ka sauka daga kujerarka ba, yana nufin ka ɗora masa wani abu da zai ji nasa ne. Raba su rukuni rukuni na mutum shida, ka cakuɗa masu ƙarfi da masu rauni, shugabancin rukuni ya riƙa zagayawa duk mako har ya kai kan wanda bai taɓa buɗe baki ba. In ka jefa tambaya su fara tattaunawa a tsakaninsu da Hausa minti biyu, sannan wanda ka nuna ya faɗi amsar rukuni da turanci, ka ga in an yi kuskure na mutum shida ne, kunyar ta rabu. Samo kwalin taliya ka huda sama ka ajiye a bakin ƙofa, duk wanda bai gane wani abu ba ya rubuta a 'yar takarda ba suna ya jefa, ranar Juma'a ka buɗe ka amsa. Ranar da na fara wannan na tarar da takarda ɗaya ce tal a ciki, an rubuta da fensir, Malam menene bambancin has da have, abin da na ɗauka mun wuce shi tun shekara biyu baya, da na amsa kuwa sai na ga rabin aji suna rubutawa. Ka bar su kuma su zaɓi darasin da za a maimaita a ƙarshen mako, su rubuta wa juna tambayoyin gwaji, yaron da ya iya ƙirƙiro tambaya ya fahimci darasin.

Sannan ka koyi jira. Wata mai bincike Mary Budd Rowe a shekarun 1970 ta gano malamai basa jira fiye da daƙiƙa ɗaya bayan sun yi tambaya, kuma in aka kai jiran daƙiƙa uku ko fiye amsoshi suna ƙara tsawo, waɗanda basa magana ma suna shigowa. Yaron da sai ya fassara tambayar zuwa Hausa a kansa ya nemo amsa ya mayar turanci, ai shi ya fi kowa buƙatar jiran nan.

Batun raini, tsohon malamin ka girmama shi kar ka yi musu dashi, amma ni a shekarun da nayi ban ga an raina malamin da yake zuwa a kan lokaci, ya san darasinsa, yake duba littafin yara ya mayar musu ba. Bulala tana sa aji yayi tsit, kai kuma tsit ɗin ne ma ya dame ka har ka rubuto.

TAMBAYA TA HUƊU

Malam ni ɗan aji shida ne daga wajen Bichi. Abokaina sun ce mu haɗa kuɗi mu yi rajista a wata santa da ake bada amsa, kiredit tara cas. Ni gaskiya turanci da lissafi ne matsalata kuma kowa yi yake.

AMSA

Ɗana kar ka je. Laifi ne a dokar ƙasa tun dokar satar jarabawa ta 1999, kuma hukumomin jarabawa suna riƙe sakamako ko su soke na santa gaba ɗaya, kuɗin babanka ya tafi a banza. Ko ka tsira ma JAMB tana gaba, kai da kwamfuta ne, tambaya 180 cikin awa biyu maki 400, ba mai leƙo maka. Abin da ake nema kiredit biyar ne har da turanci da lissafi, C6 ma kiredit ce, kuma C6 ba ta fi ƙarfin wanda ya zauna da tsoffin tambayoyi na 'yan watanni ba. Koma sama ka karanta amsar da na ba 'yar uwarka ta Rano, kai ma taka ce.

TAMBAYA TA BIYAR

Malam da girmamawa, amma ni ina ganin kuna kauce wa gaskiya. Kullum ku ce yaro ya yarda da kansa ya dage, alhali makarantar garinmu nan wajen Birniwa babu malamin fiziks, rufin aji biyu iska ta yaye tun bara, yara da yunwa suke zuwa. Yarda da kai ce za ta koya musu fiziks ɗin?

AMSA

Malam ba za ta koya musu ba, kuma na ji daɗi da ka faɗa don nima ina jin haushin masu zuwa taro su gaya wa yaron da bai karya ba wai komai a zuciya yake. Su kansu masu binciken nan, manyan gwaje-gwajen da aka yi daga baya sun nuna gyara tunanin ɗalibi shi kaɗai ɗan ƙaramin ƙari yake kawowa a maki, ya fi amfanar masu rauni, kuma ya fi aiki a inda makarantar ma take taimakawa.

Hujjarka ma tana nan kusa damu. A 1977 tsohuwar jihar Kano, lokacin Jigawa na ciki don sai 1991 aka raba, ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu. Yaran da aka kwaso da yawansu 'ya'yan manoma ne irin na garinku, aka basu malamai da ɗakin gwaji da abinci da wurin kwana, kuma kowa ya san likitoci da injiniyoyin da suka fito daga can. Ba a canza musu kai ba, kayan aiki aka basu, kuma zaɓen da aka yi musu shi kansa ya gaya musu an yarda za su iya.

Abin da yasa nake yawan magana kan ɗaya ɓangaren shine shi ne a hannun uba da uwa da malamin aji yau da daddare, rufi kuwa sai an bi layi. Amma a bi layin. Kwamitin makaranta na al'umma da ƙungiyar iyaye da malamai su rubuta takarda, da hoton ajin da adadin ɗalibai da darussan da babu malami, dagaci ya sa hannu, a kai ofishin ilimi na shiyya a ajiye kwafi, a ba ɗan majalisar jiha na yankin nasa, bayan wata ɗaya a koma a tambaya, don takardar da ba a bibiya ƙarƙashin fayil take kwana.

Kafin nan kuma ku duba 'ya'yan garin da suke jami'ar tarayya ta Dutse ko ta jiha da ke Kafin Hausa ko kwalejin ilimi ta Gumel, ba za a rasa mai karanta fiziks ko lissafi ba. In sun zo hutu a roƙe su safiyar Asabar da Lahadi a zauren mai unguwa, allo ɗaya da kwalin alli, iyaye su haɗa musu ɗan kuɗin man babur. Yaran za su samu darasin, kuma za su ga wanda suka sani yana kiwon awaki shekara biyar baya yau shine riƙe da alli. In kun rubuta takardar ka turo min kwafi na duba muku turancin kafin ku kai.